Ƙofar Cikin Dodo

Ranar Lahadi ce, bayan sallar la'asar, a zauren gidana da ke Buza. Waɗanda ke wurin su ne mushe Sani, wato malamin lakwal, makarantar boko, da samari biyu daga cikin masu yi masa wasan kwaikwayo, sai ni. Aron ƙaho suka zo. Sun ce sun ga wani sinima mai dodo a Madawa har sau uku, kuma kowane zuwa a wuri ɗaya suke firgita, a wuri ɗaya suke dariya, sun rasa dalili. Suna son su yi nasu dodon ranar rufe lakwal. Ƙaramin cikinsu, Abdu, ya ce ai ba wani aiki ba ne: a sami ƙwarya da ƙaho da kaba, mutum ya shiga ya yi gurnani, yara su watse.

Na ɗauko ƙaho biyu na ajiye a kan tabarma, na ce nasu ne, amma sai sun zauna. Ga abin da na gaya musu.

Na shiga sana'ar dodo ina da shekara goma sha huɗu, kafin shekarar da fara ta cinye hatsi da kaɗan, na bar ta bayan an gama babban yaƙin Turawa. Maigidana Baba Arzika gyartai ne daga wajen Urno. Yawancin shekara yawo muke daga gari zuwa gari muna ɗinke wa mata ƙorai. In an gama girbi, rumbuna sun cika, sai mu fito da dodo. Ba tsafi ba ne, ba bori ba ne. Duk garin da muka shiga, wurin liman Baba Arzika ke fara zuwa, ya buɗe masa kayan ya ga ƙwarya ce da kaba, sannan ya je wurin maigari. Mu uku ne: shi a cikin dodo, Tanko yana kiɗan ganga, ni kuwa ɗaukar kaya.

Aikin farko da aka ba ni kankare masaki ne, wanda za a yi kai da shi. Kwana huɗu ina kankarar cikinsa da wuƙa. Baba Arzika ya ɗaga shi sama ya duba da hasken rana, ya ce gefe ɗaya ya fi kauri, wanda ya sa shi zai yini wuyansa a karkace. Ya ba ni wani. Sai a na uku ya yarda. Ana yanka baki a ƙasan masakin, a ɗaure muƙamuƙi da igiyar rama yadda za a ja shi daga ciki. Haƙora na sakaina ne, a shafa musu farar ƙasa. Fuska jan ƙasa da baƙin tukunya, a kwaɓa da ƙaro don kada gumi ya wanke. Ƙaho daga mahauta. Idanun da kuke gani manya ba a gani da su, ta baki mai dodo yake leƙo duniya. Murya kuwa zunguru ne, dogon duma da aka ɗaure a ciki kusa da bakin mutum. In ka busa a hankali ya yi gurnani, in ka busa da leɓe a sake ya yi wata ƙarar da ba a yi gaban surukai.

Abin da ya fi cin lokaci shi ne ciki. Babban kwando ne na kaba, ana ɗaura shi a gaban mutum, a rufe shi ruf da ganyen kaba har ƙasa. Daga bakin dodo zuwa kwandon akwai doguwar jakar fatar akuya, ita ce maƙogwaro. A bayan kwandon, wajen ƙirjin mai dodo, an bar rami inda zai sa hannu. Hannun dama yana waje da farata, shi ke ɗauka. Hannun hagu yana ciki, shi ke jan muƙamuƙi, shi ke aikin kwando. Kwando mai kyau kwana ashirin ake saƙa shi.

Shekara biyu ban sa kai ba. Faɗuwa aka koya mini. Baba Arzika yakan kai ni bayan gari ya ɗaura mini kwando cike da duwatsu ya ce in faɗi, in tashi, in sake faɗuwa, kada dutse ɗaya ya zube, kada kuma faɗuwar yau ta yi kama da ta jiya. Da na gaji na tambaye shi yaushe zan koyi ban tsoro, sai ya ce, "Tsorata yaro ba sana'a ba ce, ɗana. Kare ma yana yi."

Abu na biyu shi ne karatun ƙafa. Ta bakin dodo ba ka ganin fuskar kowa sai ka ɗaga kai, ƙafafu kake gani. Yaron da ke gudu yana waiwaye, ƙafarsa tana tsayawa tana dawowa, wannan so yake a bi shi, ka bi shi. Wanda ƙafafunsa suka haɗe wuri ɗaya, ba gudu ba kuka, wannan tsoro ya wuce masa wasa. Ka juya masa baya nan take, ka yi tuntuɓe da wutsiyarka, ka faɗi yadda zai ga dodon nan wawa ne. Wanda bai iya bambanta waɗannan ƙafafu biyu ba, kada ya sa ƙaho.

Tsarin wasan ɗaya ne ko'ina. Bayan la'asar dodo zai fito daga bayan rumbuna zuwa masussuka. Ya kori yara, ya kori kaji, ya ga inuwarsa ya tsorata. Sai ya shiga haɗiya: ludayin wannan, hular wancan, takalmin maigari. Masu kaya suna kururuwa, mutane suna dariya. In ciki ya cika, sai a kira tsohuwar da ta fi kowa baki a garin ta zo da muciyarta. Kowane gari da tasa, mu ba mu zuwa da ita. Ta zage shi tas, ta buga masa muciya a gindi. Kowane bugu, zunguru ya yi waccan ƙarar, abu ɗaya ya faɗo ta ƙarƙashin wutsiya, mai shi ya zo ya ɗauka yana toshe hanci. Doka uku ce. Dodo ba ya magana da muryar mutum. Ba a ganin wanda ke ciki. Kuma duk abin da ya haɗiye sai ya mayar kafin magariba, ko allura ce.

Manoma ne manyan abokan cinikinmu, da dami suke sallamarmu. Fulani kuma sukan kira mu ruga in sun sauko cin kara, amma 'ya'yansu wuyar sha'ani gare su. Wani yaro wajen Keita ya tsaya ya kalli kan dodo ya ce wa 'yan'uwansa wannan ƙahon bijimi ne mai shekara biyar, kuma na hagu ba na dabba ɗaya ba ne da na dama. Gaskiya ya faɗa. Da dodo ya juyo kansa, shi ya riga kowa hawa bishiya. A kasuwar Madawa kuma Baba Arzika ya taɓa haɗiye jar hular wani gardi, ɗan sandan Nasara. Kasuwa ta yi tsit. Tanko ya ce mini shi a ransa ya riga ya fara fasa dutsen hanya, aikin fursuna. Tsohuwa ta zo ta buga, hula ta faɗo, gardin ya ɗauka ya shinshina, ya ce ai ta fi ƙamshi yanzu. Bayan kwana biyu ya aiko a je a yi wa iyalinsa.

Sai shekarar fara. Ta sauka hatsi yana cikin fidda kai, ta tashi ta bar kara. Shekarar da ta biyo iri ma ya yi wuya. Garuruwa suka zama rabi, wasu sun yi kudu, wasu an binne su bayan gari, kuma yara ne suka fi yawa. Ba wanda ke neman gyartai, don ƙwaryar da ba a zuba komai a ciki ba ta fashewa. Dodo muka rataye a rumbun Baba Arzika, tunda ba hatsi a ciki. Gara ta ci kabar, ta ci kwanduna biyu daga cikin uku. Girbi biyu ba mu yi wasa ba. Baba Arzika ya fita daga wannan yunwa da rai, amma bayansa bai sake ɗaukar kwando ba.

Da aka sami damina mai kyau, wani ƙauye gabas da Deule ya aiko. Maigarin ya ce yaransa sun manta dariya, a zo. Ranar ce na fara shiga dodo a gaban jama'a. Baba Arzika ya riƙe igiyar wuyan dodo, shi ke magana da mutane, Tanko yana kiɗa. Kwandon da ya rage shi ne a jikina.

Wasan ya tafi daidai. Na fito, yara suka watse, na lura ba su kai yawan da aka saba gani a gari irin wannan ba. Na haɗiye ludayi biyu, da hular ladan, da takalmin maigari ƙafa ɗaya, da awarwaron wata amarya. Akwai ƙafafu biyu ƙanana da na gani tun farko a gefe, ba su gudu, ba su kuma haɗe ba. Duk inda na juya suna biye da ni a hankali. Ban san wannan karatun ba, ba a koya mini shi ba. Na faɗi sau biyu saboda su, ba su motsa ba.

Aka kira tsohuwar garin, Iya Tsahara. Ta zo tana ɗaura zane, ta ce mini mummuna ɗan mummuna, mai bakin rijiya, an yi yunwa ka ɓuya, yanzu an sami tuwo ka fito. Mutane suka yi dariya har da riƙe ciki. Ta buga, ludayi ya faɗo. Ta buga, hula. Masu kaya suka yi layi a bayana, kowa ya ɗauki nasa. Awarwaro ne na ƙarshe. Na shafa cikin kwando da hannun hagu, babu komai. Na girgiza wutsiya, alamar da Tanko ke jira ya juya kiɗa zuwa na tafiya.

A nan na ga ƙafafun nan biyu a ƙarshen layi. Yarinya ce, ba ta wuce shekara shida ba. Daga baya na ji sunanta Habsu. Ta kama bakin zanen tsohuwar ta ce, "Kaka, ƙara mai. Saura Idi."

Tanko bai ji ba, ya ci gaba da kiɗa. Ta sake faɗa da ƙarfi.

"Saura Idi. Inna ta ce shi ya haɗiye shi. Kowa an ba shi nashi."

Ganga ta tsaya. Muciyar Iya Tsahara ta sauka ƙasa. Na ɗaga kai na ga wata mace a bakin taro ta ja mayafi ta rufe fuska. Ba sai an yi mini bayani ba. Ƙanen yarinyar yana cikin waɗanda yunwa ta ɗauka, uwar kuma ta rasa abin da za ta ce wa 'yar shekara huɗu, ta ce dodo ne. Ba ita kaɗai ta faɗi haka ba a wannan shekara. Yarinyar ta riƙe maganar shekara biyu. Yau ta ga dodo, ta ga yana mayar da kaya, ta shiga layi.

Rana ta kusa taɓa kan rumbuna. In na tafi bisa doka, yarinyar za ta kwana da sanin cewa an mayar wa kowa, ita an hana ta. Baɗi ta sake shiga layi. In na yi gurnani na kore ta, wannan aikin kare ne. Na durƙusa, abin da dodo ba ya yi. Baba Arzika ya sunkuyo kamar yana gyara igiya, ya kawo kunnensa bakin masaki.

Na ce, "Baba, yanke cikin ta duba."

Ya ce, "Shi kaɗai ya rage mana."

Na ce na sani. Sai ya zaro wuƙar gyartai daga aljihu, ya buɗa kabar, ya yanka gaban kwandon faɗin tafin hannu biyu, ya ɗage. Ya ce wa yarinyar, "Ɗiyata, zo ki duba da kanki. Na riƙe shi."

Ta sa hannu ta lalube kowane lungu. Sai ta cusa kai. Ta cikin ramin baya ta ga ƙirjin mutum, ta ɗaga ido ta ga fuskata. Gumi yana ɗiga daga haɓata. Muka kalli juna. Ta yi ƙasa da murya ta ce, "Kai ma haɗiye ka ya yi?"

Na ce a'a, aiki nake yi a nan.

"Ka ga Idi?"

Na ce, "Bai zo nan ba. Yaro bai taɓa shigowa nan ba, ko ɗaya. Ludayi ne da hula. Ki tambayi Inna, ta san inda yake."

Ta ƙara dubana, kamar mai auna ko a yarda da ni. Sai ta zare kanta, ta juya wajen jama'a ta ce, "Ba shi ciki. Wani mutum ne mai gumi."

Wasu suka yi dariya, wasu suka juya baya. Uwar ta taho ta tsakiyar masussuka ta kama hannunta. Iya Tsahara ta bi su. Suka bi hanyar bayan gari, suka tsaya daga nesa, inda ake hango kushewu. Ban ji abin da aka faɗa ba. Mu dai muka shiga bayan rumbuna kafin ladan ya sa hularsa.

A hanya Baba Arzika bai yi faɗa ba. Ya lissafa abin da ya faru kamar mai ba da labarin wani: dodo ya durƙusa, dodo ya yi magana, an ga na ciki, kwando ya tafi. Ya ce garin nan kam mun gama da shi, kuma labari zai kai Deule kafin mu. Wa zai ji tsoron mai gumi?

A nan ya yi kuskure, shi da kansa ya faɗa daga baya. Girbi na gaba ƙauyen nan ne ya fara aikowa. Na fito daga bayan rumbuna, yara suna ihu, ga mai gumi, ga mai gumi, kuma suna gudu iyakar ƙarfinsu. Sun san mutum ne. Sun san ƙwarya ce. Sun san a inda zan faɗi, har suna faɗa kafin in faɗi. Bai rage komai ba. Na ce wa Abdu wannan ita ce amsar tambayarsu ta sinima, gwargwadon abin da na sani. Mutanen nan sun ga abin da ke haɗiya ba ya mayarwa. Shi ya sa suke so a kawo musu wanda ke haɗiya gabansu, a buge shi da muciya, ya mayar. Ko sau ashirin ne za su zo.

Kwandon ba mu jefar ba. Baba Arzika ya ɗinke bakin yankan da fata, ya sa masa marfi da maɗauri, ya zama ƙofa. Ya ce tunda an riga an yi, a yi shi da kyau. Daga nan duk dodon da na yi da ƙofa nake yin sa, kuma aka ƙara doka ta huɗu: in an gama mayar da kaya, a buɗe ciki, duk yaron da ke so ya zo ya leƙa. Mafi yawa ba su zuwa. A kowane gari dai akan sami ɗaya ko biyu, ba su cewa komai, su leƙa, su tafi. Ban taɓa tambayarsu abin da suke nema ba.

Iya Tsahara ta rasu kafin girbi na uku. Da aka ce wa zai riƙe muciya, Habsu ta riga ta ɗauko ta uwarta. Mutane suka ce ba a taɓa yi da yarinya ba, maigari ya ce a bar ta. Ba ta iya zagi kamar tsohuwa ba, amma bugunta yana shiga, har yau ina iya nuna wurin. Girbi tara tana riƙe da muciyar garin, har aka yi mata aure wajen Keita.

Shekarata ta ƙarshe a sana'a, Baba Arzika ya riga ya rasu, muka yi wasa a wani gari kusa da Keita. Ina cikin haɗiya sai na ji murya daga wajen mata: "Mai gumi, ba gaisuwa?" Na ɗaga kai. Habsu ce, da goyo. Ta kwance goyon, ta cire wa jaririn 'yar hularsa, ta zo da kanta ta sa a bakin dodo. Na ja muƙamuƙi na haɗiye. Da tsohuwar garin ta yi bugun farko, ita na fara mayarwa, kafin takalmin maigari.

Mushe Sani ya tambaya ko lalle ne su ma su yi ƙofar, tunda wasan lakwal ne kawai. Na ce ba su san wanda zai shiga layi ba. Abdu ya ɗauki ƙahonin yana juya su, ya ce dabba ɗaya ce, kuma an goge su da kyau, a ina na samo. Na ce daga Keita. Jaririn nan mai hula Idi aka sa masa. Mahauci ne yanzu, kuma duk shekara bayan babbar Salla yakan aiko mini da ƙaho biyu.